Kawu Birama Thior, Mai Gadin Tsibirin Tsuntsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Afrilu, Allah ya karɓi ran kawuna Birama Thior a garinmu Betenti, daidai lokacin da tsuntsayen teku suka fara saka ƙwai a tsibirin da ya daɗe yana gadi.

Kawu, da ƙuruciyarka kai ke jan ayarin masu ɗibar ƙwai, ka kuma fi kowa sanin yadda ake yi: ranar farko a tattake duk ƙwan da aka tarar, don wanda za a kwasa washegari ya zama sabo. Haka muka gada, har tsuntsayen suka fara ƙarewa a kan idonmu. Da gwamnati ta hana shiga tsibirin lokacin ƙyanƙyasa, kai ka fara ajiye kwandonka, ka karɓi gadi. Abokanka suka sa maka suna mijin tsuntsaye. Ka ce, "Na ji. To, matan nan nawa ba a taɓa su."

Doka tana Dakar a takarda, kai kana cikin ruwa. Man injin kwalekwalen da aka yi maka alkawari ba ya zuwa, sai ka ɗauki filafili. Wanda ka kama, ka ba shi shinkafa da kifi ya ƙoshi, sannan ka rako shi gida ta tsakiyar kasuwa da kwandonsa a ka. Da yawa sun ce gara a ci su tara.

Raina ya ɓaci a wurin zaman makokinka. Na ji Lamine Sarr, masuncin unguwarmu, yana raɗa wa na kusa da shi, "Mai gadi ya tafi, bana akwai wainar ƙwai." Na ce, "Lamine, ka bari shayin makokin ya huce tukuna."

To, kowa ya ji. Mu mata masu ɗibar kawa, mai kama da dodon koɗi, a bakin teku mun raba kwanakin gadi a tsakaninmu, ba mu jira wani ya naɗa mu ba. Duk mai son ƙwai bana zai tarar da uwarsa ko gwaggonsa zaune a bakin tsibirin, sai dai ya fara tattake ta tukuna. Mahaifiyar Lamine ce ta ɗauki ranar farko.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Gnilane, matar Kawu, ke da 'ya'yanki da dukan dangin Thior, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Mu kuma ya ƙarfafa hannuwanmu a kan filafili. Amin.