Baba Aƙilu da Ganyen da Ba a Cirewa

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Baba Aƙilu ya riga ya zagaya lambun makaranta sau biyu, fartanya a kafaɗa, yana yi wa awakin unguwa faɗa kamar suna jin Hausa. Shekara goma sha tara ke nan yana leburan lambu a wata firamare da ke hanyar Bakori, kuma a ƙarshen daminar nan ta 1969 zai ajiye aiki.

Ran Laraba yara ke fitowa cirar ciyawa. Wanda ya san yara ya san rabin aikinsu ɓarna ne: su tuge dawa, su bar ƙuduji don furensa ya yi kyau. Baba bai taɓa ɗaga bulala ba. Durƙusawa yake yi ya kama hannun yaro ya ɗora kan ganye, ya ce, "Shafa ka ji, ɗana. Wannan tuwonka ne."

Sau ɗaya aka ga hankalinsa ya tashi. A gindin danga akwai yaɗon ugu, ganyen miyar mutanen Gabas. Malam Pius mai koyar da lissafi ya shuka shi, kuma a gefen yaɗon suke hira da Baba kullum da la'asar. Da rikicin 1966 ya taso, Baba ne ya raka shi tashar jirgi ta Funtua. "Riƙe mini shi, Baba, zan dawo," in ji Malam Pius. Irin ugu kuwa ba ya ajiyuwa, da ya bushe ya mutu, sai dai a yi ta shukawa ana ba shi ruwa.

Wata Laraba Lauratu 'yar aji uku ta ga ugun ta ɗauka garahuni ne, ta tuge tushe biyar cikin bakwai. Baba ya daɗe tsugune da saiwoyin a hannu.

"'Yata, wannan na Malam Pius ne," ya ce a hankali.

Tun daga ranar yara ke kiran ganyen fiyus. Waɗanda suka shigo bana ba su san sunan mutum ba ne, shi kuma bai gyara musu ba, don yana son jin sunan a bakinsu. Kewar abokinsa yake yi, ba ya ɓoyewa. Shekara uku babu ko wasiƙa.

Kai ne, Baba, ka ɗebi ruwan rijiya rani uku saboda ganyen da ko miyarsa ba ka sha. Gwanin danga, mai riƙon amana. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda aka bar wa ajiya, ya je ya ga yadda ake yi.

Makon jiya hedimasta ya tambaye shi me yake so a yi masa na sallama. Baba ya ce a bar shi ya riƙa zuwa ran Laraba.

"Ai hutu aka ba ka, Baba."

"Ranka ya daɗe, sababbin yara ba su san ganyen ba. Kada Malam Pius ya dawo ya tarar mun cire shi."