Gwaibar Maman Happiness

A gaban ɗaliban Samaru mace ta make mini hannu, da furfurata da komai. Gwaiba kawai na ɗauka a tirenta, na goga a gaban riga, yadda kowane ɗan Zariya ke ɗanɗanawa kafin ciniki. Ban kai baki ba na ji tas! Gwaiba ta gangara kwata, wani ɗalibi ya ce, "Baba, sori."

Mai makewar ita ce Scholastica, Maman Happiness, mutuniyar Zonkwa da aure ya kawo Sabon Gari. Kullum takan hau bas zuwa Samaru da kayan lambun mijinta Dominic, wanda ke can wajen Shika. A da hannunta a sake yake. Yaro ya tsaya yana haɗiyar yawu, sai ta miƙa masa ɗaya, ta ce ya gaida Mamarsa.

Daminar 2006 tsutsa ta cinye gwaibar lambun, dillalai suka juya baya. Wani maƙwabci ya sammo wa Dominic ragowar maganin ƙwarin auduga a kwalbar lemo. Ya fesa da yamma, ya tsinka da safe. Gwaiba ta fito sumul, ko tabo babu. Scholastica ta zaɓi wadda ta fi kyau, ta goga a zaninta, ta bai wa autarta Happiness. Kafin azahar yarinya na amai, gumi na zuba, yawu na dalala. Da ƙyar ta tashi a asibiti. Likita ya ce yana zargin feshin, amma ba zai rantse ba. Wanki da ferayewa suna rage magani, in ji shi, ba sa kwashe shi duka. Abin yi shi ne a ba 'ya'yan itace lokaci bayan feshi kafin a tsinka.

Tun ranar bokiti da wuƙa suka zauna gefen tirenta. Ba mai cin gwaibarta sai ta wanke ta feraye. Ɗalibai na ƙorafi, "Mama, kin cire duk daɗin!" Maƙwabtanta masu tire kuwa cewa suke tana tsorata musu masu saye.

A gida ma ba sauƙi. "Ki zaɓa," in ji Dominic, "ko feshi ko tsutsa. Da me yaran za su yi makaranta?" Ya dai yi alkawarin zai riƙa jinkirta tsinka. To amma ran da motar dillali ta tsaya bakin lambu, Scholastica ba ta can balle ta ga ko ya cika alkawari. Shi ya sa za ka gan ta tana shinshina gwaiba ɗaya bayan ɗaya, alhali ta san hanci bai isa shaida ba. Duk ɗan da ya saya, sai ta bi shi da ido har ya sha kwana.

Ran da ta make ni ɗin, na so in ba ta dariya. Na ce, "Haba Maman Happiness, mu da muka tashi muna ci a kan bishiya? Dubi tumbina, ya yi kama da na wanda gwaiba ta cutar?"

Ko murmushi ba ta yi ba. "Malam Bappa, a zamaninka da tsuntsaye kuke rububinta. Je ka lambunmu yau. In ka ga tsuntsu ɗaya, dawo ka cinye tiren nan ba wanki."