Kambun da ya zame wa Baba

Jiya a kasuwar Bangi na ga wani tsoho yana gyara kambun layarsa, sai Baba ya faɗo mini a rai. A da, dami biyu na gero yake cicciɓa zuwa rumbu. Da ciwon suga ya kama shi a shekarun tamanin, sai naman jikinsa ya yi ta zubewa.

Wata rana na zo ganin gida, na iske ya kasa tashi daga tabarma. Da na kama shi, kambun dantsensa ya sulale har wuyan hannu.

"Ɗiyata, matse mini shi, kada innarku ta gani," in ji shi.

Inna kuwa tana bayan danga, tana share hawaye.

Allah ya jiƙan shi, ya sa jinyar ta zame masa kaffara.