Rafin Marina da Kabarin Iya Gambo

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar kakata, Iya Gambo, Allah Ya jiƙanta. Na so in rubuta abu mai sanyi a kanta, amma abin da na gani a Gaya bayan daminar nan ya hana ni.

An haife ta tun kafin zuwan Turawa. Mahaifinta marini ne, ramukan rininsa na bakin wani ɗan rafi da ya ratsa unguwarmu, shi ya sa ake ce masa Rafin Marina. Ba wani babban ruwa ba ne. Daga fadama yake tasowa, ya shigo gari, ya yi kwana a gindin wata tsamiya, ya bi ta ƙasan maƙabarta, ya fita zuwa gonaki. Da damina yakan kai wa babba gwiwa. Da rani sai yashi, mata su tona da ƙwarya su jira ruwa ya taru. Iya ta ce tana yarinya shuɗi ruwan yake gudu saboda baban rini, duk wanda ya saci jiki ya je wasa can, ƙafafunsa ne ke tona masa asiri.

Akwai labarin da ba ta gajiya da ba mu. Wata damina rafin ya bar hanyarsa ya bi ta marina, ya cike ramukan mahaifinta da yashi, ya tafi da zannuwan mutane. Mahaifin bai sake rini ba. Garin Toranke ya koma wajen dangin uwarsa ya kama noma har ya rasu. Tun daga nan dattawan unguwa suka bar wa ruwa hanyarsa biyu, tsohuwa da sabuwa, ba a gini a ko ɗaya. A haka na tashi na gan su.

Na daɗe rabona da unguwar. Ƙanena Sani ne ya kira ni a watan jiya ya ce, "Yaya, ka zo gida. Ba maganar waya ba ce."

Da na sauka ban gane wurin ba. Tsohuwar hanyar ruwa ta zama jerin shaguna. Sabuwar an matse ta da bulo, leda ta toshe ta. Tsamiyar ma babu. Na tambayi wani saurayi mai shago ina rafin ya bi, ya dube ni da ladabi ya ce, "Wane rafi, Baba? Ai kwata ce."

Ruwan da ya rasa hanya maƙabarta ya shiga. Ya yanka kwazazzabo wanda zurfinsa ya fi tsayin mutum. Na ce wa Sani, "Ina na Iya?" Ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar ramin, inda babu komai sai iska. "A nan yake da."

Na zauna a ƙasa. Sani ya ce washegarin ruwan mazan unguwa sun bi gonaki suna tsintar abin da ya rage, suka suturta a farin yadi, suka binne a kabari ɗaya a kan tudu. Ba wanda ya san na wane ne wanne.

Ina ta tunanin me za ta ce. Iya ba mai faɗa ba ce. Ina jin ba kabarinta zai fara damunta ba, tambaya za ta yi ko akwai yara masu kwana a gidajen da ke bayan shagunan nan. Akwai su, na gan su suna wasa, kuma wata daminar na tafe.

Ɗakinta ya rushe tuntuni, kabarin kuma ya tafi. Abin da ya rage nata shi ne sanin inda ruwa ke bi, kuma mu da muka ji daga bakinta mun fara ƙarewa. Shi ya sa na bi gida-gida na faɗa wa masu su, wasu suka saurara, wasu suka yi mini godiya kawai.

Kafin in tafi na hau tudun. Na buɗe baki zan ambaci sunanta, sai na tuna ba ita kaɗai ce a ciki ba. Na yi musu addu'a dukkansu.