Ɗaliban Darasin Dole

Jikata ke rubutawa, ni ko alif ban iya ba. Tun da maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, gidanmu na Ƙofar Durbi ya yi mini girma. Ina kuka da safe, ina yi da la'asar, ban ɓoye wa kowa ba.

Ana nan sai jami'a ta fara turo mini yara. Ashe akwai wani darasi na al'adu da aka ɗora wa kowa, ko likita mutum zai zama ko injiniya, kuma sai ya nemi tsoho ya yi masa tambayoyi kafin ya ci. Suna shigowa da fuska a murtuke, su ce darasin ɓata lokaci ne.

Ni kuwa ba na sauri. Wadda ta tambayi yadda ake fura, sai in miƙa mata taɓarya. Wani dogo mai karatun magani ya so jin tarihin hasumiyar Gobarau, na ce tarihin ba ya fitowa sai an gyara mini rumfa. In na ga za su gama da wuri, sai in manta ƙarshen labarin, in ce su dawo jibi.

Wata rana wata malama ta yi sallama. Bayan mun gaisa ta ce kwamiti ne ya aiko ta, ana duba darussan dole, a ga na bari da na cirewa.

"Hajiya, yaran sun ce aikin gida kike sa su."

"Waɗanne? Masu cinye mini tuwo?"

Ta yi dariya. Na tura mata farantin wake, na ce ta riƙa tsincewa muna magana.

"To in aka cire darasin, me za a rasa?"

Na so in ce al'ada, in ce tarihi, amma bakina ya ƙi. Na ce, "'Yar nan, in ba su ba, ba mai yi mini sallama tsakanin azahar da magariba." Hawaye suka zubo, na gaske. Da na ga ta ɗauki biro, na ɗan ƙara sauti, Allah ya yafe mini.

An bar darasin. Sai dai malamar ta gaya wa kwamiti cewa tsofaffi irina suna da yawa a cikin gari, a raba yaran. Rabin nawa aka kai wa maƙwabciyata, ita ma mijinta ya rasu. Ta katanga nake jin ta tana ba su labarin Gobarau a karkace, kuma har ta sa sun shafe mata ɗaki. Ban gyara mata ba, don ina jin tana dariya, kuma rabona da jin dariyarta tun kafin ta shiga takaba.