Ba Jijiyar Tausa Ba Ce, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ranka, Yaya, a bakin shagonka na gyaran famfo, sifana na hannunka. Likita ya ce jini ne ya hau, ya fasa jijiya a kai.

Kai ka riƙe mu bayan rasuwar Baba. Duk gidan da famfo ya yi yoyo a layinmu kai ake kira, ka gyara ka wuce kafin a gama yi maka godiya. Ba ka iya cewa a'a ba, balle ga babba. A da, kirki nake kiran wannan hali. Yau haushinsa nake ji.

Ina tare da kai ranar da likita ya gano hawan jininka, ya yi maka bayani. Ya ce jijiyoyin jini na ciki ma'aji ne, jini mai yawa a nan yake kwance. Akwai kuma wasu jijiyoyin masu kai saƙo, waɗanda ke aiki ba da izinin mutum ba. Idan suka matsa wa na cikin sai su tsuke, jini ya yi wa zuciya yawa, ya hau. Ka yi dariya ka ce, "Ashe tanki nake yawo da shi, Auta." Ka gane sarai, ka kama shan maganinka.

Sai labari ya kai ga Kawu, yayan Inna. A duk bayanin kalma ɗaya ya ji.

"Jijiya ce? To ina ruwan jijiya da ƙwaya? Tausa ake yi da man zafi."

Na ce ba irin wannan jijiyar ba ce. Ya ce tun kafin a haife ni ya san jijiya. Ka sunkuyar da kai, ka ajiye maganin don kada ransa ya ɓaci. Aka yi ta murza maka ciki, kana cewa da sauƙi.

Jiya a zaman makoki na ji Kawu yana gaya wa mutane kwana ne ya ƙare. Ban ja da ikon Allah ba. Amma Inna ma jininta ya hau tun da aka fita da kai, kuma na ga kwalbar man a aljihunsa. Na kwashe maganinta na sa a jakata, da hannuna zan riƙa ba ta. A ce ba ni da kunya, na yarda.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya ba Inna da matarka da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuwa ya ba ni ikon yafe wa Kawu, don har yanzu ban iya ba.