Ranar da Tirelar Baba Ta Yi Lilo a Gangaren Dutse

Shekarun baya, a watan da mahaifina ya yi ritaya, mu 'ya'yansa muka zauna muna tsara masa hutu. Yayana ya ce a saya masa kujerar nan mai kwantawa da mutum, ni kuma na ce a biya masa Umara shi da mahaifiyata. Ba mu gama shawara ba sai ga shi ya shigo unguwa da a-kori-kurarsa, yana janye da gida sukutum a bayanta.

Ga wanda bai san abin ba, tirela ce irin ta masu yawon shaƙatawa. Ɗaki ne a kan taya, da gado, da ɗan kicin, da banɗakin da sai ka shiga da gefe. Ashe a wani wurin sayar da motoci ya gan ta a titin Gate City Boulevard, ya daɗe yana wucewa yana leƙenta bai gaya wa kowa ba. Mama ta fito ƙofa, ta dube ta daga gaba har baya, ta ce, "Alhaji, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi, da ya samu hutu kuma sai ya sayo wani titin?"

Ya ce, "Wancan na mutane ne, wannan namu ne. Shigo ki ga kicin ɗinki."

Baba direban manyan motoci ne tun yana saurayi. Ya yi Legas zuwa Kano har ya haddace ramukan hanyar, da muka ƙaura zuwa garin Greensboro a Amurka kuma ya ci gaba da jan kaya a wani kamfani. Don haka babu wanda ya yi shakkar hannunsa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne Mama. Matar da ko zuwa kasuwa sai an lallashe ta, sai ga ta ta zama 'yar yawo. Da bazara suna bakin teku, da ganye ya fara ja suna kan duwatsun yamma. Hotuna sai shigowa suke yi a waya: ga ta tana tuƙa tuwo a bakin tafki, ga wani tsohon Bature maƙwabcinsu na zango yana sharce gumi a kan miyar kuka, ga Baba a kan darduma da butar shayinsa. Da yake ba a yarda a ajiye irin wannan abu a unguwarsu ba, sai wani abokinsa mai fili a Summerfield ya ba shi wuri a gefen shingen dawakin maƙwabta.

Haka aka yi shekaru cikin daɗi. Sai abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Aka yi masa aikin yanar ido. Wuyansa ya sage, in zai dubi gefe sai ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya. Wata rana kuma wajen shiga filin abokin nasa, gefen tirelar ya goge ginshiƙin ƙofa. Ba wani abu ba ne babba, fenti ne ya kankare, amma labari ya kai wa yayana da ke Atlanta kafin la'asar.

Ya kira ni ya ce, "Baba ya haura saba'in. Wannan abin ba wasa ba ne, in ya ƙwace masa a babban titi ba su kaɗai zai shafa ba. Ki je ki karɓi makullin."

Na ce, "Kai me ya hana ka zuwa?"

Ya ce ai ni ce a kusa, kuma ni Baba ke jin maganata. Gaskiya ne sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana sai dai ya ce Uwata. Amma jin magana daban, miƙa makulli daban.

Na shirya jawabi mai kyau, har na gwada shi a kan mijina ya ce ya yi. Na je na sami Baba a falo, na gaishe shi, na fara da cewa shekaru ni'ima ce daga Allah. Ya saurare ni tsaf har na iso kan ginshiƙin ƙofar. Sai ya ce, "Uwata, wannan lotsawar da ke bayan motarki, ita kuma shekarunki nawa da kika yi ta?" Sandar fitila na buga a wurin fakin na wurin aikina, da rana tsaka, ba kowa a kusa. Na sha shayina na tashi.

Da na ga baki bai yi ba, sai na sauya dabara. Tafiyarsu ta gaba ta duwatsu ce, wajen Asheville, na ce zan bi su in huta. Niyyata in zauna a kujerar gefe in tattara hujjoji. Mama ta koma kujerar baya tana murmushi, ina jin tun a lokacin ta gano ni.

Tafiyar zuwa ba ta ba ni hujja ko ɗaya ba. Kafin mu tashi ya zagaya tirelar ya duba taya da fitilu da sarƙoƙi, a hanya kuma yana layin dama, ba ya gaggawa. Muka isa lafiya. Kwanakin da muka yi a can, na manta ma da aikin da ya kai ni. Na ci dambun nama har na ji kunya, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Na kuma ga abin da ban taɓa gani a gida ba: iyayena suna hira su biyu, doguwa, suna dariya a kan mutanen da suka rasu tun kafin a haife ni. A gida wayar Baba ba ta hutawa, yau sulhu, gobe jana'iza, jibi wani sabon zuwa yana neman aiki. A can kuwa ko layin waya babu.

A hanyar dawowa abin ya faru. Akwai wani dogon gangare da ake saukowa daga dutsen, titin yana ta lanƙwasa. Bayan azahar ne, rana tana haske sosai. Ban ankara ba sai wata babbar mota ta wuce mu ta hagu da gudu, iskarta ta bugi tirelar. Na ji bayan motarmu ya ja gefe, ya dawo, ya sake ja fiye da na farko. Na duba madubi na ga gidan nan namu yana lilo, tukwane suna kwaramniya a ciki. Mama ta fara salati a hankali. Ni kuwa na damƙe kujera.

Baba bai taka burkin mota ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya kai hannu ya matsa ɗan abin da ke kama burkin tirelar ita kaɗai. Ta yi lilo sau ɗaya, ta ƙara kaɗan, sannan ta dawo bayanmu ta nutsu. Duk abin bai kai a sha kofin ruwa ba. Da muka sauka ƙasa ya shiga wani gidan mai.

Mama ta ce bari ta je ta duba tukwanenta. Muka rage ni da shi. A raina ina cewa shi ke nan, jawabina ya mutu, ai ko matashi ba zai yi abin da ya yi ba. Na miƙa masa robar ruwa ina shirin yaba masa, sai na ga ya kasa buɗe murfin. Na karɓa na buɗe masa.

Ya sha, sannan ya ce, "Ban ga motar nan ba."

Na ce, "Baba, ai da gudu ta zo."

Ya girgiza kai. "Tun da nake tuƙi, mota ba ta taɓa zuwa mini ta baya ban san da ita ba. Da na gan ta, da na shirya mata tun daga nesa. Hannu ya tuna aikinsa, Alhamdulillahi, amma ido ya makara. Kuma ba yau ya fara ba."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Ya waiga ya tabbatar Mama ba ta fito ba, ya ce, "Uwarki ta biyo ni ƙasar nan, ta yi shekaru tana zaune a ɗaki tana jirana ina kan hanya. Yanzu ne take ganin ƙasar da idonta. In na ajiye makullin nan, ɗakin za ta koma. Kada ki gaya mata."

Ranar ba mu ƙarasa gida ba. Akwai zangon masu tirela kusa da wurin, ya ja mu a hankali muka sauka. Bayan magariba ya tafi neman ƙanƙara, ni da Mama muna yanka albasa. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma ko rabin albasar ban gama ba na zayyana mata komai.

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Ni ce fa nake zama a gefensa. Tun bara nake ganin yadda yake damƙe sitiyari, da yadda yake kwana biyu a kwance in mun dawo ya ce mura ce. Kina tsammani don sha'awa nake ce masa mu tsaya in sayi tuffa a kowane ƙauye? Hutu nake sama masa."

Na ce to me ya hana ta yi masa magana. Ta ce, "In ni na faɗa, na ce masa ya tsufa ke nan. In ke ko yayanki kuka faɗa, kun ƙwace. Shi nake jira ya faɗa da bakinsa, ina ta addu'a Allah Ya sa ya faɗa kafin wani abu ya faɗa masa. To yau ya faɗa."

Da ya dawo, ta zuba masa abinci, ta bari ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Alhaji, 'yarka ba ta iya riƙe sirri ba." Ya harare ni, na sunkuyar da kai cikin kwano. Ta ce, "Ni ban ce a daina tafiya ba, kuma ban yarda a sayar mini da kicin ba. Direba kawai za a sauya." Ta nuna ni da cokali.

Baba ya dube ni, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Wannan da sandar fitila ta gagare ta?"

Washegari da safe, bayan ya huta, ya kawo mu gida ta ƙananan hanyoyi, ina duba masa madubin dama, muna tsayawa sayen tuffa. Wannan ce tafiya mai nisa ta ƙarshe da ya ja tirela.

Daga nan makaranta ta buɗe. Kowace Asabar da safe sai mu ɗauko ta daga Summerfield mu je filin fakin na wani babban kanti da ya rufe. Ya jera bokitai ya ce in bi tsakaninsu da baya. Wanda bai taɓa yin ribas da tirela ba ba zai gane ba: ka juya dama ta tafi hagu, ka gyara ta naɗe kamar wuƙar aski. Na murƙushe bokitan gidanmu kaf, har Mama ta ɓoye na wankinta. Sau biyu na fito na ce na fasa. Shi kuwa yana tsaye da hularsa, hannu a baya, yana cewa, "Sa hannunki a ƙasan sitiyari. Inda kike so bayanta ya je, can za ki kai hannun. A hankali, Uwata, ba wanda ke korarki." Ban taɓa sanin yana da haƙuri haka ba. Muna yara ba ya gida, in ya dawo kuma a gajiye yake. A filin nan na san mahaifina.

Kafin bazara ta zagayo na kai su bakin teku da hannuna. Yayana ya zo daga Atlanta don ya gani, ya tsaya yana ba ni umarni wajen fakin, Baba ya ce masa, "Matsa gefe, ka bar masu sana'a su yi aikinsu."

Har yau mutane suna tambayata, musamman masu iyaye a nan, ko ya kamata tsoho ya ci gaba da jan irin wannan kaya. Ni dai ba ni da shekarar da zan ce daga nan a tsaya. Abokin Baba mai filin Summerfield ya girme shi, kuma yana jan tasa har yanzu, sai dai ƙarama ce, ba ya nisa, ba ya hawa dutse, kuma ba ya wasa da zuwa gwajin ido. Baba shi ma yana tuƙa motarsa a cikin gari, ya je masallaci ya je kasuwa. Abin da na gane shi ne, sau da yawa tsohon ya riga kowa sanin halin da yake ciki. Abin da ke hana shi faɗa, tsoron abin da zai rasa ne, kuma ba lallai makullin ba ne. Da na karɓe shi ranar da aka aike ni, da mun tsira daga haɗari, amma da na rufe wa mutum biyu ƙofa ban ma san akwai ta ba. Ku shiga motar ku zauna a gefensu, ku gani da idonku, sannan a yi maganar.

A tafiyarmu ta bara, mun wuce garin Raleigh ke nan, ina tuƙi, sai na ji Mama ta taɓa kafaɗata daga baya, ta nuna mini kujerar gefe. Baba ne ya jingina kai da gilashi, hula ta karkace, yana barci har da ɗan minshari. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Tun da na aure shi, ban taɓa ganin ya rufe ido a motar da wani ke tuƙawa ba."

Na rage gudu don kada rami ya tashe shi. Can ya farka, ya gyara hula, ya gan mu muna danne dariya. Ya ce, "Ba barci nake ba. Ƙarar inji nake saurare."

Mama ta ce, "To yaya ka ji shi?"

Ya gyara zama, ya sake lumshe ido, ya ce, "Lafiya lau. A ci gaba."